Yadda ake rainon itace mai jan toho a cikin gida

Duk wanda ya saba bin hanyar Kaduna zuwa Abuja a ƙarshen rani ya san wani abu da ke faruwa kafin ruwan farko ya sauka. Daji ya bushe, gobara ta lashe ciyawa, ƙasa ta yi baƙi, sai ka hango doka ta fitar da sabon ganye ja-wur yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Maje ma haka yake yi, nasa tohon ya fi karkata ga ruwan hoda. Bayan 'yan makwanni ka sake bi, duk sun koma kore shar. Irin wannan kyan ne mutane ke son kawowa tsakar gida, kuma yana yiwuwa, in dai ka riƙe abu guda tun farko: launin nan a jikin sabon toho kaɗai yake zama. Tsohon ganye ba ya komawa ja. Don haka duk aikin da za ka yi, daga ramin dashe har zuwa aski, aikin sa itace ya riƙa toho ne a kai a kai, cikin ƙoshin lafiya.

Abin da ke sa tohon ja wani sinadari ne da masana ke kira antosayanin. Shi ne ke ba zoɓo launinsa, kuma danginsa ne ke cikin karan dafi da dukawa ke rina fata da shi. Ganye yana fitowa da taushi, bai gama haɗa korensa ba, sai wannan jan ya zame masa garkuwa daga zafin rana har ya yi ƙwari. Daga nan kore ya rinjaye shi. Shi ya sa itacen da ke cikin rana ya fi na inuwa jan toho, kuma shi ya sa babu wani taki ko magani da zai hana ganyen komawa kore. Wanda ya ce zai sayar maka da irin wannan maganin, kada ka ba shi kuɗinka.

Mataki na farko: zaɓi itacen da garinku zai iya ɗauka

A nan aka fi yin asara. Mutum zai ga hoton wani itace a intanet, na ƙasar Malesiya ko Siri Lanka inda ruwa ke sauka kusan duk shekara, ya kashe kuɗi ya dasa a Katsina ko Maraɗi, hunturu guda ya ƙone shi. Tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce: wata nawa ake yi a garinmu babu ruwan sama, kuma ina da ruwan da zan cike wannan giɓin?

In kana Kano, Sakkwato, Damagaram ko wani wuri mai gajeriyar damina, ni dai mangwaro nake fara ba da shawara. Mun saba ganinsa har mun daina kallonsa, amma ka tsaya gaban ƙaramin mangwaro ranar da ya yi toho: ganyen na rataye laɓo-laɓo, wani ruwan hanta, wani kalar tagulla, wani ruwan goro, gwargwadon iri. Ka nemi ɗan aure, wato wanda aka haɗa reshen wani iri a kan gindin wani, domin ba ya yin girman wanda aka shuka daga ƙwallo kuma yana saurin 'ya'ya. Irin da ake kira juli ya fi dacewa da ƙaramin gida saboda gajere ne a halittarsa. Tun da launin toho ya bambanta daga iri zuwa iri, ka je wurin masu saida dashe lokacin da suke toho, ka zaɓa da idonka. Tashar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Bagauda a jihar Kano da ta Daɗin Kowa a Gombe wurare ne da suka san harkar mangwaron aure.

Na biyu shi ne yazawa, wato kanju. Asalinsa daga Burazil ne, Turawan Fotugal suka yaɗa shi a ƙarni na 16. Tohonsa ja ne mai laushi, yana jure jigawa da ƙasar da ba ta da ƙarfi, amma yana buɗe rassa sosai, don haka yana son fili. Ba ya son a taɓa masa saiwa, gara ka shuka ƙwallon a inda kake so ya zauna. Ka kuma ja kunnen yara, ruwan ɓawon ƙwallon yana ƙona fata.

Sai dogon siririn itacen nan da ake jerawa a bakin katanga, wanda masu fulawa ke kira maskwared. Daga Indiya da Siri Lanka ya zo. Tohonsa yana fitowa kalar tagulla, ya koma tsanwa mai haske, sannan ya yi duhu, har ka ga launi uku a jikin itace ɗaya. Ba ya cin fili, kuma in ya kafu yana jure rani daidai gwargwado.

In kana Kaduna, Abuja, Jos, Kumasi ko Ngaundere, ko kuma kana da rijiyar burtsatse da ba ta yankewa, to sarauniyar wannan fage ita ce wadda ake sayarwa da sunan yujiniya, a kimiyyance Syzygium myrtifolium. 'Yar kudu maso gabashin Asiya ce, a Indonesiya sunanta ma yana nufin jan toho. Tana karɓar aski fiye da duk waɗanda na ambata, kowane aski kuma sabon ja ne. 'Yar'uwarta ta gida ita ce malmo da ke fitowa a bakin rafi, shi ma tohonsa ja ne, amma babban itace ne mai son danshi. Kirfa ma, wadda muke sa ɓawonta a shayi, tohonta ja ne mai ɗaukar ido, sai dai tana son iska mai laima. A Kumasi za ta ji daɗi, a arewa kuwa sai a tukunya, a wurin da iskar hunturu ba ta bugu.

Akwai waɗanda zan ce ka so su daga nesa. Kawuri yana daga cikin itatuwan da suka fi kowa jan toho a ƙasarmu, amma dangin ɓaure ne, saiwarsa tana bin ruwa har ta fasa shadda da harsashin gini. Maɗaci ma tohonsa ja-ja ne, amma yana iya kai mita 30. Waɗannan na gona ne, ko filin makaranta, ko gidan gona mai faɗi. Doka da maje kuwa 'yan daji ne, da wuya ka same su wurin masu dashe, kuma suna da jinkirin tasowa.

Mataki na biyu: wuri

Ka nemi inda rana ke samu aƙalla awa shida. Ranar safe zuwa azahar ta fi, musamman ga yujiniya, domin ranar la'asar ta watan Afrilu a arewa tana ƙona bakin toho. Gabashin gini ya fi yammacinsa. Ka kuma lura da inda iskar hunturu ke shigowa, daga arewa maso gabas take busowa, katanga ko wani itace a wannan ɓangaren babbar kariya ce.

Tazara kuwa kada ka yi mata rowa. Mangwaro da yazawa su nisanci gini, rijiya da shadda da aƙalla mita 6. Maskwared mita ɗaya da rabi daga katanga, mita 2 tsakanin ɗaya da ɗaya. Yujiniya in shinge kake so, santimita 60 zuwa mita ɗaya a tsakani. Ka ɗaga kai ka duba wayar lantarki kafin ka sa diga.

Mataki na uku: rami da ƙasa

Ka haƙa ramin mako biyu ko uku kafin dashe, faɗi santimita 60, zurfi 60, wato kamar ƙafa biyu kowane gefe. Ƙasar sama ka tara ta gefe guda, ta ƙasa gefe guda. In ka gama, ka cika ramin da ruwa ka tafi. Ka dawo washegari: in ruwan ya tsotse, madalla. In yana nan kwance, ƙasar laka ce ko akwai marmara a ƙasa, saiwa za ta ruɓe a cikin marka. Ko dai ka fasa marmarar da diga, ko ka canza wuri, ko ka yi tudu mai tsayin taƙi ɗaya ka dasa a kansa.

Ga wani abu da ya shafi sababbin gidaje. Magina kan binne ɓaraguzan bulo, ragowar siminti da filasta a tsakar gida, a zuba jar ƙasa a kai. Na taɓa dasa yujiniya shida a irin wannan wuri, suka yi wata takwas tohonsu na fitowa fari-fari maimakon ja. Da na tone gefen ɗaya, sai ga dunƙulen siminti. Siminti da toka suna sa ƙasa ta yi kanwa-kanwa, itace ya kasa jan sinadarin ƙarfe daga cikinta. Don haka duk ɓaraguzan da ka tarar ka kwashe su kaf, kada kuma a riƙa zubar da tokar murhu a gindin.

Ka gauraya ƙasar sama kashi biyu da ruɓaɓɓen takin dabbobi kashi ɗaya. Ruɓaɓɓe na ce, wanda ya yi baƙi, ya daina wari da zafi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, ɗanyen kashin shanu kuma gayyatar gara ne. In ƙasar ta cika danƙo, ka ƙara rairayi mai tsakuwa-tsakuwa. Ka mayar da haɗin cikin rami, ka ba shi ruwa ya zauna.

Mataki na huɗu: sayen dashe da dasawa

Kada tsayi ya ruɗe ka. Dashe mai tsayin gwiwa zuwa ƙugu, mai kauri a gindi, ya fi dogo siriri da ya daɗe a leda. Ka ɗaga ledar ka duba ƙasanta. In saiwa mai kauri ta huda ta shiga ƙasa har sai an fizge, ko ta nannaɗe kamar gammo, ka bar shi. Ka juya bayan ganye ka duba ko akwai farin ƙwaro mai kama da auduga. In mangwaro ne, ka nemi a nuna maka wurin auren, ka tabbata ya warke.

Lokacin dashe shi ne sa'ad da damina ta zauna, ba ruwan farko ba. A Kano da kewaye wajen ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli ke nan, a Abuja da Kaduna tun Mayu. Da yamma za ka dasa. Ka shayar da dashen tun yana leda, ka tsaga ledar da reza daga gefe, ka cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta warwatse ba. Ka ajiye shi yadda saman ƙasar leda zai yi daidai da saman ƙasar gida. Zurfafa dashe na kashe itace a hankali, gindin ya riƙa ruɓewa ba ka sani ba. Wurin auren mangwaro dole ya kasance a sama da ƙasa sosai. Ka cike, ka danna da tafin hannu, ka yi ɗan ganɗo kewaye da shi don ya riƙe ruwa, ka zuba bokiti guda.

A ranar kuma ka kewaye shi. Babu abin da akuya ke so kamar sabon toho, wato daidai abin da kake rainon itacen dominsa. Ragar waya, ƙaya, ko tsohon kwando da aka cire wa gindi, duk suna yi. In ragon layya zai zauna a gidan, ka ɗaure shi nesa.

Mataki na biyar: ban ruwa

Shekara biyun farko su ne masu wuya. Ƙa'idar ita ce ruwa mai yawa jefi-jefi, ba yayyafi kullum ba. Yayyafi yana sa saiwa ta tsaya a sama, rana ɗaya ka yi tafiya itacen ya yi yaushi. Daga ɗaukewar ruwa a Oktoba, ka ba kowane ƙaramin itace jarka guda ta 'yan garuwa, lita 25, sau biyu a mako. A bazara, Maris zuwa Mayu, ka mayar sau uku, jigawa ma ta fi haka buƙata. Yujiniya da kirfa ba sa son ƙasarsu ta bushe ƙayau ko sau ɗaya. Ka tura yatsa cikin ƙasa: in akwai danshi a gaɓa ta biyu, ka jira gobe.

Abu biyu ne ke rage wahalar. Na farko, ka rufe gindin da busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa, kaurin yatsu huɗu, amma ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin itacen saboda gara da ruɓa. Duk mako ka ɗaga ka leƙa. Na biyu, ka binne tulun ƙasa a gefen itacen har wuya, ka riƙa cika shi kana rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin tulun daidai inda saiwa take, rana ba ta shanye shi ba, sauro kuma bai samu shiga ba.

Ruwan alwala da na wanke kayan miya suna da kyau, ka karkata su zuwa gindin. Ruwan wanki mai omo ko bilic kuwa a'a, gishirinsa yana taruwa, sai ka ga bakin ganye yana ƙonewa.

Mataki na shida: aski

Nan ne zuciyar aikin. Kowane reshe yana da ido a tsininsa wanda ke danne idanun da ke bayansa. In ka datse tsinin, idanu biyu, uku ko huɗu za su farka su yi toho. Reshe ɗaya ya zama uku, ukun su zama tara, kowanne da jan kansa. Itacen da aka bari ya miƙe yadda ya so, tohonsa na can ƙololuwa inda sai tsuntsu ke gani.

Ga mangwaro, ka bar shi ya kai kamar mita ɗaya, sannan ka datse kan a wajen santimita 80. Cikin rassan da suka fito ka zaɓi uku ko huɗu da suka fuskanci kusurwa daban-daban, ka cire sauran. In kowanne ya yi tsawon kamu ɗaya kuma ganyensa ya yi duhu, ka sake datse tsininsa. Haka za ka yi ta yi shekara biyu zuwa uku, sai ka samu itace gajere mai cika, wanda tohonsa ke daidai ido. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda ya kai shekara goma sai dai zarto. Duk tohon da ya fito a ƙasa da wurin aure ka cire shi da wuri, na uwar gindin ne, zai ƙwace ƙarfin.

Sai dai akwai ciniki a nan da ya kamata ka sani. Mangwaro a tsinin reshen da ya nuna yake fure, cikin hunturu. In ka yi ta aski har kaka, ka zaɓi ganye ka bar 'ya'ya. Wanda ke son duka biyun, ya yi askinsa da zarar an gama cin 'ya'yan, ya more jan toho a damina, ya ajiye almakashi daga Satumba.

Yujiniya ba ta da wannan matsala. Da zarar jan ya koma kore, ka rage tsinin da santimita 5 zuwa 10 ko'ina. A damina za ka iya yi duk bayan mako shida zuwa takwas. Ka sa gindin ya fi kan faɗi kaɗan don rana ta samu rassan ƙasa, in ba haka ba ƙasan zai zube ya bar ƙafafu tsirara. Maskwared kuwa kusan ba ya son komai, in ka sare kansa ka ɓata masa tsayuwar da aka san shi da ita, busassun rassa kawai za ka cire.

Almakashin ya zama mai kaifi, ka yanka a ɗan karkace dab da saman ido. Ka goge shi da sifirit in za ka koma wani itacen. Kada ka yi babban aski a tsakiyar hunturu ko ƙarshen bazara in ba ka da tabbacin ruwa, domin tohon zai fito ya tarar da busasshiyar iska, ya ƙanƙance ya ƙone.

Mataki na bakwai: taki

Toho yana cin abinci, itacen da ake yi wa aski kuma ya fi wanda aka ƙyale yunwa. Farkon kowace damina ka zuba ruɓaɓɓen taki kwano biyu ko uku a kewayen inuwar itacen. In za ka ƙara na zamani, NPK 15-15-15 cikin ƙaramin gwangwanin tumatir ya ishi itace ɗan shekara ɗaya, rabi a farkon damina, rabi a Agusta. Ka barbaɗa shi nesa da gindi da taƙi guda, ka rufe da ƙasa, ka ba da ruwa. Sabon dashe a bar shi ya yi wata biyu tukuna. Yuriya zalla ina guje mata: tana kawo toho da yawa, amma mai ruwa-ruwa, wanda ƙwari ke rububi.

Karanta tohon da kare shi

Ka koyi bambanta launin lafiya da na ciwo. Jan lafiya yana da sheƙi, ganyen a miƙe yake ko a rataye sumul. In toho ya fito ruwan ɗorawa ko fari amma jijiyoyinsa kore, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, ka binciki siminti, toka, ruwan omo ko ruwa da ya kwanta, ka ƙara ruɓaɓɓen taki. In tsofaffin ganyen ƙasa ne ke yin rawaya gaba ɗaya, yunwa ce. In tohon ya fito kore ba ja, yawanci inuwa ta yi yawa. In ya murɗe ya dunƙule, juya bayansa, za ka tarar da ƙwari.

Darɓa da farin ƙwaro mai auduga su ne manyan maƙiya. Suna tsotse ruwan toho, su bar danƙo mai zaƙi, baƙar funfuna ta hau kai kamar kunkunniya. Tururuwa da ke hawa da sauka a jikin itacen ita ce shaidar farko. In abin bai yi yawa ba, ka wanke su da ruwa mai ƙarfi da safe. In ya yi yawa, maganin yana nan a bakin titi: 'ya'yan dogonyaro. Ka busar, ka ɓare, ka daka ƙwayar giram 50 ga kowace lita ta ruwa, ka jiƙa ya kwana, ka tace da ƙyalle, ka narka ɗan sabulun wanka kaɗan a ciki don ya kama ganye. Ka fesa da yamma, sama da bayan ganye, ka maimaita bayan mako guda. Da rana tsaka feshin na iya ƙona toho, kuma haɗin ba ya ajiyuwa, na ranar za ka yi. Fara kuwa a kaka take ɓarna, ƙaramin itace sai ka lulluɓe shi da tsohon gidan sauro har tohon ya yi ƙwari.

In gidan haya kake ko an shafe tsakar gidan da siminti

Yujiniya, kirfa da mangwaro juli duk suna zama a tukunya. Rabin durom ko babbar tukunyar siminti da ta daɗe da bushewa ta isa, a huda gindinta wuri huɗu ko biyar, a ɗora kan bulo. Haɗin ƙasar: baƙar ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki ɗaya, rairayi ɗaya. Durom na ƙarfe yana ɗaukar zafi har ya dafa saiwa, ka shafa masa farin fenti ko ka naɗe shi da buhu. A bazara tukunya na son ruwa kullum. Duk shekara biyu, a farkon damina, ka zare itacen, ka rage saiwar gefe da wuƙa, ka sabunta ƙasar.

Tukunya tana da wata riba: kana iya tsara lokacin jan. In akwai biki ko Sallah a gaba kuma kana so ƙofar gida ta yi ja a ranar, ka yi wa yujiniya aski mako uku zuwa huɗu kafin nan, ka bi da ɗan taki da ruwa wadatacce. A lokacin sanyi tohon yana jinkiri, sai ka ƙara mako guda ko biyu. In kuma tukwanen sun kai huɗu, kada ka aske su rana ɗaya. Ka yi wa biyu yau, biyun kuma bayan mako uku, ta yadda waɗannan na komawa kore, waɗancan na fara ja.